Filin Tambayi Sista: Idon Nas a Ɗakin Kwanciyar Manya

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan wata sun taru ne a wuri guda, wato ɗakin kwanciyar manya, maza da mata, masu jinyar magani da waɗanda aka yi wa tiyata. Na zaɓi biyar, uku daga 'yan uwana ma'aikatan jinya, biyu daga masu zaman jinya. Kamar kullum, na cire sunayen mutane da na asibitoci, na kuma taƙaita wasu wasiƙun.

Tambaya: Mama Sista, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibar aikin jinya ce, ina shekarar ƙarshe. Akwai wata babbar sista a ɗakin tiyata na maza inda nake horo, sai ta shigo ta dubi majinyaci kawai ta ce a kira likita yanzu yanzu, alhali ban daɗe da auna jininsa ba kuma lafiya lau na samu. Sau da yawa abin da ta hango shi ke faruwa. Wannan baiwa ce ko koyo ake yi? Ina tsoron in gama makaranta ban iya ba. Daga wata ɗaliba, Zariya.

Amsa: 'Yata, koyo ake yi, ki kwantar da hankalinki. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai ba a haifi sistar nan da wannan idon ba. A 'yan daƙiƙun da kike ganin kallo kawai take yi, ta riga ta ga yadda ƙirjinsa ke hawa da sauka, ta ga leɓensa ya bushe, ta ga ya kasa kwanciya wuri ɗaya, ta saci kallon jakar fitsari, ta kuma gwada duk wannan da yadda ta bar shi jiya. Ke kuma lamba ɗaya ce a hannunki, awon jini, kuma ita ce lambar da ta fi kowace makara wajen faɗin gaskiya.

Mu ɗauki misali. Saurayi ɗan shekara 25, nauyinsa kilo 60, ya yi haɗari a kan babur, saifarsa ta fashe, aka cire ta da rana, aka dawo da shi ɗaki. Da ƙarfe 6 na yamma bugun zuciyarsa 88, awon jini 124 bisa 78, numfashi 18 a minti. Da ƙarfe 10 na dare bugun ya zama 102, awon jini 116 bisa 80, numfashi 22. Da ƙarfe 2 na dare bugun 118, awon jini 104 bisa 76, numfashi 26, yana ta roƙon a ba shi ruwa, yana neman yaye bargo, tafin ƙafarsa ya yi sanyi. In kika dubi awon jinin ƙarfe 2 shi kaɗai, 104 bisa 76 ba ya firgita kowa, akwai masu lafiya da yawa da ke yawo da shi a kasuwa. Amma jera layukan uku ki karanta su daga sama zuwa ƙasa. Zuciya na ƙara gudu, numfashi na ƙara yawa, lambar sama ta awon jini na sauka a hankali. Yaron nan jini ke zuba a cikinsa har sai an tabbatar ba haka ba ne.

Dalili kuwa shi ne jiki ya iya ɓoye hasara. Babban mutum yana da jini kimanin lita 5. In ya fara zuba, zuciya za ta ƙara gudu, jijiyoyin fata da na hannu da ƙafa su tsuke don a tura abin da ya rage zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya, ƙoda kuma ta riƙe ruwa. Da wannan dabara mai ƙuruciya zai iya riƙe awon jininsa har ya rasa kusan kashi 30 cikin 100, wato lita ɗaya da rabi, kamar ledar fiya wata uku. Sai a lokacin ne lambar ke faɗuwa, kuma in ta tashi faɗuwa ba ta jira kowa. Abin da ya sa ke nan sanyin ƙafa da ƙishirwa da rashin natsuwa da ƙarancin fitsari suke riga awon jini magana. Ƙa'idar fitsari ita ce rabin mililita ga kowane kilo a awa ɗaya. Yaronmu mai kilo 60 ya kamata ya yi aƙalla mililita 30 a awa, 120 ke nan cikin awa 4. In kin tarar da 50 a jakar, ki fara duba ko robar ta lanƙwashe ko ta toshe. In lafiyarta lau, to ƙoda ce ke gaya miki jini bai isar mata.

Ga wani lissafi mai sauƙi da za ki iya yi a tsaye: gwada bugun zuciya da lambar sama ta awon jini. A mai lafiya bugun ba ya wuce rabi zuwa kashi bakwai cikin goma na lambar sama. Duk sa'ad da bugun ya kamo lambar sama ko ya wuce ta, kamar 118 a kan 104, kada ki jira awon gaba.

Yanzu bari in taɓo abin da ya fi ci mini rai. Ki buɗe fayil a ɗakuna da yawa, za ki ga layin numfashi 20, 20, 20, tun ranar da aka kwantar da mutum har ranar da aka sallame shi, ko aka rufa masa zane. Ba ƙirgawa aka yi ba, rubutawa aka yi. Alhali numfashi yana cikin alamun da ke fara canzawa in jiki ya soma rikicewa, ko ƙwayar cuta ce ta shiga jini, ko huhu ya tara ruwa, ko suga ya yi mugun hawa. Ba ya buƙatar na'ura, ba ruwansa da ɗauke wuta, agogo mai sakan kawai yake nema. Na babba 12 zuwa 20 ne a minti. Ki riƙe wuyan hannunsa kamar bugun jini kike ji, idonki na kan ƙirjinsa, ki ƙirga minti guda cur, domin da zarar ya san numfashinsa ake ƙirgawa zai canza shi.

A 2012 kwalejin likitocin Ingila da ke Landan ta fitar da wani tsarin maki don gane majinyacin da ya fara sukurkucewa, aka sabunta shi a 2017 da sunan NEWS2. Abubuwa shida yake dubawa: numfashi, yawan oksijin a jini, lambar sama ta awon jini, bugun zuciya, zafin jiki, da hankali, sannan a ƙara maki in ana ba mutum oksijin. Maki 5 na nufin likita ya zo da gaggawa, 7 kuwa a bar komai a taru a kansa. Yaronmu da ƙarfe 2, numfashi 26 ya ba shi maki 3, bugun 118 maki 2, lambar sama 104 maki 1, shida ke nan tun ba a kai ga sauran ba. Ko asibitinku ba ya amfani da takardar, ki kwafe ta a ɗan littafin aljihunki. Amma ki riƙe ta a matsayin mai taimako. Dattijon da ke shan atenolol don hawan jini zai iya zubar da jini zuciyarsa ba ta yi gudu ba, saboda maganin ya taka mata birki. Wanda ya saba da 170 bisa 100, in ya sauko 110 bisa 70 yana cikin hali, ko da yake a takarda lambar ta yi kyau. Tsohuwa kuma cuta na iya shiga jininta jikinta bai yi zafi ba, sai dai ta fara kiran sunayen mamata tana neman hanyar gida. Wanda aka ɗinke wa hanjin da taifot ya huda, in bayan kwana huɗu ko biyar zuciyarsa ta soma gudu ciki ya kumbura, ki fara tunanin ɗinki ya saki ko wani wurin ya sake hujewa.

Sannan ki san mutanenmu. In kika ce wa Bahaushe ko Bafulatani yaya jiki, da sauƙi zai ce miki ko da rai na hannun Allah, domin haka tarbiyya ta koya masa, kuma haƙuri abin yabo ne. Ki amsa masa da Allah ƙara sauƙi, sannan ki yi tambayar da ke da amsa. Baba, nuna mini inda ke ciwo da yatsa ɗaya. Tun yaushe? Ya fi na safe ko bai kai ba? Ka yi tusa tun da aka fito da kai? Kada kunya ta hana ki wannan ta ƙarshen, a ɗakin tiyata babban labari ce.

Wata malamar jinya Ba'amurkiya, Christine Tanner, ta tsara wannan tunani a 2006 cikin mataki huɗu: ka lura, ka fassara abin da ka gani, ka ɗauki mataki, ka waiwaya ka ga me ya biyo baya. Tun watan Afrilun 2023 jarrabawar lasisin nas ta Amurka, wadda 'yan uwanmu da yawa ke zama, ta koma gwada irin wannan tunani, a ba ka labarin majinyaci yana canzawa a tambaye ka me ka gani, me za ka fara yi. A wurina matakin ƙarshe shi ne aka fi sakaci da shi, kuma shi ke gina idon da kike nema. Don haka gobe in sistar nan ta ce a kira likita, ki bari ƙura ta lafa, ki same ta cikin ladabi ki ce, Anti me kika gani? Za ta iya cewa ita ma ba ta sani ba, kawai bai yi mata ba. Ki daure ki ƙara tambaya, za ta fara lissafo miki. Metiron da ta horar da mu, Allah ya jiƙanta, ba ta wuce gado a zagayen safe sai ta sa hannu ta taɓa ƙafar mai shi. Har yau ni ma haka nake yi.

Tambaya: Hajiya, ina gaisuwa. Ban daɗe da fara aiki ba a wani babban asibitin ƙaramar hukuma. Aikin dare mu biyu ne a kan gadaje fiye da talatin. Wani dare a lokaci guda, dattijo mai ciwon zuciya numfashi ya gagare shi, wanda muka sa wa ƙarin jini ya ce yana jin sanyi da ciwon baya, wani mai karaya yana ta ihu, 'yan uwan wani kuma suna yi mini faɗa wai ruwan ɗan'uwansu ya ƙare. Na rasa inda zan fara. Kuma in na kira likita sai ya ce in ci gaba da lura. Daga wani nas, Jihar Jigawa.

Amsa: Ɗana, sannu da aiki, Allah ya ba da lada. Nas biyu a kan gado talatin ba daidai ba ne, kuma ba zan ce maka dabara za ta toshe wannan giɓin ba. Amma ga yadda zan bi daren nan.

Ina wucewa zan rufe makullin jinin, aikin sakan biyar ne. Sanyi da karkarwa da ciwon baya ko ƙirji bayan an fara ƙarin jini, ana ɗaukarsu jini bai dace ba har sai an wanke shi daga zargi, kuma kowane ɗigo da ya ƙara shiga ƙarin illa ne. Sai in bar abokin aikina a wurin, ya cire robar jinin gaba ɗaya ya sa sabuwa da ruwan gishiri don jijiyar ta zauna a buɗe, ya gwada sunan da ke jikin ledar da na majinyacin, ya yi awo, ya adana ledar a mayar ɗakin gwaji, a kuma sa ido a kan kalar fitsari. Wannan ne dalilin da ya sa ake cewa nas ya tsaya a gefen gado minti 15 na farkon kowace leda. In ka san ba za ka iya tsayawa ba, kuma jinin ba na ceton rai nan take ba ne, ka yi magana da likita a kan lokacin da ya fi dacewa a sa shi.

Ni kuwa sai wurin dattijo, domin numfashi shi ne gaba da komai. In ɗaga shi zaune, in sa masa oksijin, in dubi ruwan da ke hannunsa in rage gudunsa ko in tsayar, don mai raunin zuciya ruwan leda na iya cika masa huhu. Kada ka dogara ga na'urar da ake maƙalawa a yatsa ita kaɗai. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Michigan aka buga a 2020 ya nuna cewa tana ɓoye ƙarancin oksijin a baƙar fata kusan ninki uku fiye da farar fata. Yatsa mai sanyi da jan farce su ma suna ruɗa ta. In ta nuna 94 amma mutum ba ya iya ƙarasa jimla sai ya tsaya ya ja numfashi, ka yarda da mutumin.

Mai ihu yana da numfashi da ƙarfin yin ihu, shi ya sa yake na uku, amma ka karanta amsar ƙarshe ta wannan fili kafin ka ɗauka ihun mai karaya ƙaramin abu ne. Masu ruwa kuma, ka ce wa ɗaya daga cikinsu cikin mutunci, Malam ga yadda ake murɗa wannan a rufe, ina zuwa, akwai wanda rai ke neman fita. Yawancin mutane in an gaya musu dalili suna fahimta. Wanda na fi tsoro a ɗaki irin naka shi ne wanda ɗazu yake nishi yanzu ya yi shiru, kowa ya ce barci ya ɗauke shi. Je ka tashe shi.

Batun likita. Ka tuna shi ma wataƙila shi kaɗai ke riƙe da asibitin duka a daren, daga ɗakin haihuwa zuwa na gaggawa. In ka ce masa, Dokta mai gado na bakwai ba ya jin daɗi, ba ka ba shi abin da zai sa ya bar inda yake ba. Akwai tsarin magana da ake kira SBAR, wanda asibitoci suka aro daga sojan ruwan Amurka: me ke faruwa, wane ne majinyacin, me kake zato, me kake so a yi. Ga yadda zai fito a bakinka: “Dokta, ni ne nas na ɗakin maza. Gado na bakwai, dattijo mai shekara 68 da aka kwantar shekaranjiya da ciwon zuciya. Numfashinsa ya tashi daga 20 zuwa 32 cikin awa biyu, oksijin 86, bugun zuciya 124, ina jin ƙarar ruwa a ƙirjinsa. Na zaunar da shi, na sa oksijin, na tsayar da ruwa. Ina zaton huhu ne ya tara ruwa. Ina so ka zo yanzu, kuma me zan ba shi kafin ka iso?” Da wuya a ce wa mai irin wannan magana ya ci gaba da lura. In an ce, ka tambaya: in lura da me, kuma wace lamba zan gani in sake kira? Ka rubuta lokacin da ka kira da abin da aka ce maka. In hankalinka bai kwanta ba ka kira sistar da ke kula da dare, ko likitan da ke sama da shi. Wannan ba kai ƙara ba ne, aikinka ne.

Tambaya: Sista, mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, yau kwana uku. Bai ci komai ba. Mahaifiyarmu ta dama masa kunu, muka zo da ruwan zamzam da rubutu, nas ta hana mu ba shi ko cokali ɗaya, har ta ɗaga mana murya. Suna so su zura masa roba ta hanci, mu kuma mun ji ana cewa duk wanda aka sa wa robar nan ba ya tashi. Daga wani magidanci, Gusau.

Amsa: Malam, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ɗaga murya ga iyalin da ke cikin tashin hankali bai kyautu ba, ban goyi bayansa ba. Amma hukuncin da ta yanke daidai ne, kuma ina roƙonku ku bi shi.

Haɗiya aiki ne da ƙwaƙwalwa ke sarrafawa. A maƙogwaro hanyar abinci da ta iska maƙwabta ne, duk haɗiya sai an rufe ta iska. Kusan rabin masu shanyewar ɓarin jiki suna rasa wannan iko a kwanakin farko, sai abin da aka ba su ya bi ta huhu. Wasu za su ƙware su yi tari, wasu kuma ko tarin ba za su yi ba, sai bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe su, ƙirji ya cika. Wannan ciwon huhu yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wannan lalura a makonnin farko. Abin da mutane ba su sani ba shi ne ruwa tsinkakke ya fi abu mai kauri haɗari, domin ya fi saurin gangarawa. Don haka ko cokali ɗaya abin gudu ne har sai an gwada haɗiyarsa.

Robar hanci ba ita ke kashewa ba. Waɗanda ciwonsu ya yi tsanani ake sa wa, shi ya sa mutane suka haɗa ta da mutuwa. Ta cikinta ne kunun da Hajiya ta dama zai isa cikin Baba lafiya, tare da maganin hawan jininsa, kuma da yawa haɗiyarsu na dawowa cikin makonni kaɗan a zare ta. Zamzam kuwa ku shafa masa a fuska da jiki, ku jiƙa masa leɓe da auduga, ku yi masa addu'a a kunne, yana iya jinku. In an sa robar ku tambayi nas abin da za a iya bi da shi ta ciki, kada ku zuba komai da kanku ba da saninta ba. Duk lokacin ba shi abinci a ɗaga kansa da kafaɗunsa, a bar shi haka aƙalla rabin awa bayan an gama.

Kuna da babban aiki a gefen gadon nan. A juya shi duk bayan awa 2, a goge masa baki safe da yamma. A fatarmu gyambon kwanciya ba ya fara nuna ja, don haka ku sa hannu ku taɓa ƙugu da ɗuwawu da dunduniya, in wuri ya fi sauran zafi ko tauri ko duhu ku faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo, ku kuka san Baba. In kun ga barcinsa ya fi na jiya nauyi, ko ya daina gane ku, ko ɓarin da ke motsi ya rage motsi, ku je ku faɗa nan take ko da tsakar dare ne.

Tambaya: Anti Sista, wata mata mai ciwon suga 'yar shekara 64 tana ɗakinmu, tun jiya take amai ba ta ci abinci ba. Na auna sugarta da safe 4.2. A kati an rubuta glibenclamide, wato ƙwayar rage suga, da allurar insulin kafin kari. Na ce ba zan ba ta ba sai likita ya gani, wata da ta girme ni ta ce aikin nas shi ne ya ba da abin da aka rubuta. Wa ke da gaskiya? Daga wata nas, Bauchi.

Amsa: Ƙanwata, ke ce. An rubuta katin ne don matar da ke cin abinci, yau kuwa matar da ke kan gadon ba ta ci. Ƙasa da 3.9 suga ya faɗi, ita tana 4.2 ciki ba komai, da kin ba ta da kafin hantsi an same ta cikin gumi ba ta san inda take ba. Glibenclamide kuma yana daɗewa a jiki, musamman ga tsofaffi da masu raunin ƙoda, sai a farfaɗo da mutum bayan 'yan awoyi ya sake faɗuwa.

Sai dai ki lura da iyakarki. Dakatarwa ki kira likita a lokacin, ki rubuta dalili, wannan naki ne. Tsallake magani ki yi shiru, ko rage adadi da ra'ayinki, ba naki ba ne. Akwai masu ciwon sugan da ko ba su ci ba dole su samu insulin mai dogon aiki, in an hana su jininsu ya yi tsami su shiga wani haɗarin. Kuma aman nata shi kansa tambaya ne da ke neman amsa.

In kin tarar suga ya riga ya faɗi kuma tana iya haɗiya, ki ba ta sukari giram 15, wato ƙwaya 3 ko 4 a ruwa, ki sake awo bayan minti 15, in ya hau ta ci abinci. In ba ta cikin hayyacinta, ba a sa komai a baki, ta jijiya ake ba da ruwan suga. Duk majinyacin da ya ruɗe ba zato ki fara da tsira masa yatsa, musamman wanda ake wa ƙarin ruwan kwinin, domin shi ma yana kayar da suga.

Irin wannan tsayawar ake yi kafin a ba da maganin zuciya digoxin in bugun zuciya bai kai 60 ba, da maganin ƙwayoyin cuta gentamicin ko maganin ciwo diclofenac ga wanda fitsarinsa ya ragu. Potassium kuwa ba a taɓa tura shi kai tsaye a jijiya, sai an sirka shi a ledar ruwa ya shiga a hankali, ko wa ya rubuta. Majalisar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, ke ta ba lasisi da sunanki, kuma ke za ta tambaya a kan abin da hannunki ya bayar.

Tambaya: Sista, mijina direban adaidaita sahu ne, ya karye a ƙwauri aka sa masa siminti da rana. Da dare ya dinga ihu, an yi masa allura bai lafa ba. Nas ta taso likita, suka tsaga simintin, aka shiga da shi tiyata aka yanka ƙafar gefe biyu aka bar ta a buɗe. Danginsa na cewa ƙaƙalen nas ɗin ne ya jawo, da an bar shi da safe zai ware. Daga wata matar aure, Kano.

Amsa: 'Yar'uwa, ki je ki gode wa nas ɗin nan. Naman ƙwauri yana cikin wata fata mai tauri da ba ta buɗewa. In ƙashi ya karye nama ya kumbura a ciki, ga siminti ya ƙara matsewa daga waje, sai jini ya kasa ratsa naman. Alamar farko ita ce ciwon da ya wuce misali, wanda allura ba ta taɓa shi, kuma in aka ɗaga yatsun ƙafar a hankali mutum ya ƙwalla ƙara. Daga baya ƙafa ta fara mutuwa kamar ana tsira allurai. Wanda ya jira sai ƙafa ta yi sanyi ko bugun jini ya ɓace ya makara, domin cikin kimanin awa 6 nama ya fara mutuwar da ba ta dawowa. Da an jira safe, maganar yanke ƙafa za a yi. Irin wannan ne muke gani a hannu da ƙafar da aka ɗaure tamau da karan ɗori, a kawo mana bayan kwanaki sun yi baƙi.

An bar yankan a buɗe ne don kumburin ya samu wurin fita. Bayan wasu kwanaki in ya sauka za a rufe, wani lokaci sai an ɗebo fata daga cinya an lulluɓe. Kafin nan ki taya su lura da fitsarinsa, in ya ragu ko ya yi duhu kamar baƙin shayi ki faɗa wa nas, domin naman da ya wahala yana sakin abin da ke taɓa ƙoda. Kada a sa wa raunin komai daga gida, kuma kada a fita da shi zuwa wurin ɗori kafin likitan ƙashi ya sallame shi.